Tsohon Layi a Agege

Likita ya ce Baba ya rage gishiri,
ya bar goro bayan la'asar,
ya riƙa taka ƙafa minti talatin kafin rana ta yi ƙarfi.
Baba ya ce, "Ni Ilu, da na kashe takalma tara a reluwe,
yau yaro zai koya wa tafiya?"

Sai na kai shi bayan Zango,
inda wani reshen layi ya mutu tun ina firamare.
'Yan unguwa suka yi karo-karo,
masu gwangwan suka auna ƙarafan suka tafi,
aka zuba jar ƙasa aka daɓe,
aka cire dogo aka dasa dogon yaro,
ga benci biyu, ɗaya har ya soma tsatsa,
wai nan ne wurin neman lafiya.

Da asuba Legas ba ta gama wanke ido ba.
Hayaƙin danfo bai hau ba tukuna.
Iya Risi na sauke burodi daga ka,
wani mai tumbi da farin kambas
yana gudu kamar mai bin bashi,
ya ce, "Baba, a ba mu hanya."

Baba ya matsa.
Amma kafin ya tsallaka sai da ya dubi hagu, ya dubi dama,
ya karkata kunne,
shekara ashirin da shida ba abin da ya bi nan
sai awaki da ruwan sama,
shi kuwa wuyansa bai yarda ba, bai ji sanarwa ba,
har yau yana waiwayen baya.

"Nan ƙarfen juya layi yake," in ji shi,
ya nuna inda wata ke tsallen igiya.
"Nan ake sauke shanu,
kwana uku a tarago, ƙafafunsu sun manta ƙasa.
Huhun goro kuma ya hau ya yi arewa.
Ni ke riƙe da jan ƙyalle da kore.
In na ce tsaya, Lantana, ko wa ke ciki sai ya tsaya."

Akwai wani ɗan tudu kusa da kwalbati,
ni ban taɓa sanin tudu ba ne.
A nan numfashinsa ya soma ja.
Ya dafa kafaɗata yana dariya tana tsinkewa:
"Haka injin ke yi a hawan Kafanchan,
ka ji ƙirjinsa, ka ce ba zai kai ba,
mai zuba kwal ya jiƙe sharkaf,
duwatsu na kallo ba mai cewa sannu.
Yau ga ni, ba tarago ko ɗaya a bayana,
kayan duk na cikin zuciya."

Muka zauna a bencin da bai yi tsatsa ba.
Ya tona ƙasa da bakin sanda, ya tona,
sai ga noti, ƙato, ya ci ƙasa ya yi ja.
Masu gwangwan sun bar shi.
Ya goge da hannun riga ya jefa aljihu
tare da maganin hawan jini,
na ji suna gaisawa har muka kama hanya.

Can ƙetaren katanga sabon jirgi ya yi kuka.
Ba ya tsayawa nan, bai san Baba ba.
Baba ya ɗaga agogo kusa da ido,
ya ce, "Ya yi lattin minti huɗu."
Na ce ina ka san lokacinsa?
Ya ce, "Saya mana burodi, mai zafin.
Gobe ki tashe ni da wuri,
kuma kar ki gaya wa yaron nan ya yi gaskiya."