Kunnen Makanike

Shekara talatin da ɗaya ina kiwon keken hawan tudu a Valparaíso,
wanda ke kwaso mutane daga bakin teku zuwa unguwannin sama.
Ba ni da takardar shaida. Kunne gare ni.
Ƙarfe in zai yi ciwo gunaguni yake farawa,
ni kuwa in ji shi tun injiniya bai buɗe littafi ba.

Da na ajiye aiki, 'yata Rayén ta kawo mini 'yar kwikwiya,
fudul ce ruwa biyu, uban ba a san inda ya nufa ba,
gashi a nannaɗe kamar soson ƙarfe.
Muka sa mata Neblina, sunan hazon da ke tasowa daga teku.

Ta ƙi girma.
A garin da kowace hanya matakala ce,
sai ta taka goma sha biyu ta zauna, harshe waje,
tana dubana kamar mai ba da haƙuri.

Wata safiya na tallabe ta,
tafina a ƙarƙashin hammatarta ta hagu,
na ji karkarwa, irin ta bututun da ruwa ke tsere a cikinsa.
Gabana ya faɗi. Na san wannan yaren.

Likita Maite Urrutia ta saurara, ta daɗe,
sannan ta zare abin daga kunnenta ta sa a nawa.
Zuciya ai bugawa take ta huta, ta buga ta huta.
Wannan babu hutu:
shuuu, shuuu, kamar injin da aka manta a kunne.
Ta ce, «Mu ma a littafinmu da inji muke kwatanta shi.»

Aka aske gefen ƙirji, aka shafa mai sanyi,
hoto ya fito, ja da shuɗi suna kokawa.
Ta nuna da biro:
«Tun tana ciki, huhu bai kama aiki ba,
akwai 'yar hanyar yanke tsakanin manyan jijiyoyi biyu.
In an haihu, cikin kwanaki take rufewa.
Tata ta ƙi.
Jini na komawa huhu, zuciya na aikin mutum biyu,
ga shi har ta fara kumbura.
Gado ne, ya fi kama mata. Kada ki haihu, Neblina.»

Hanya biyu ce.
A Santiago ana zura siririyar waya ta jijiyar cinya a toshe ƙofar,
kuɗin ya fi fanshona na rabin shekara.
A nan kuwa a buɗe tsakanin haƙarƙari, a ɗaure da zare.
Na sayar wa Eleuterio akwatin sifanonina,
ya ƙirga kuɗin bai ɗago ido ba.
Na zaɓi zare.

Awa biyu a kan benci,
ina ƙirga jiragen ruwa ta taga, ina ɓata lissafi.

Ta fito da hular tiyata a hannu.
«Da na ja ƙullin,» in ji ta,
«sai bugun ya lafa, kamar ɗan dakon da ya sauke kaya.»

Bayan sati biyu aka cire ɗinki, aka sake ba ni abin sauraro.
Dum-dum. Shiru.
Dum-dum. Shiru.
Duk rayuwata shirun inji bala'i ne,
fasinjoji a maƙale tsakanin sama da ƙasa.
Ranar nan shiru ne ya sa ni hawaye a gaban yarinyar da na girme wa ubanta.

Gashin ya tofo, ya rufe tabon.
Matakala ɗari da sittin ce zuwa ƙofarmu.
Yanzu ni ke tsayawa a ta goma sha biyu, dafe da ƙarfe,
ita tana can sama, kunne ɗaya a karkace,
tana sauraron ƙirjina.