Bakwai Daga Ɗari

A Gadarif, kasuwar riɗi,
kaina ne jarina.
Buhu arba'in da uku, kowanne fam kaza,
kafin dillali ya lashi bakin fensir
na faɗa masa, har da canjinsa.
Shekara goma sha tara a haka.

Wata Talata, kaka ta yi albarka,
Barmo ya ce tamanin da shida sau goma sha bakwai.
Na ajiye biyu, na riƙe huɗu a ka,
sai huɗun nan ta yi nauyi.
Yatsun dama suka fara tsalle ba da izinina ba,
ƙanshin gahawar Hajjo ya yi nisa, nisa.
Na farka kumatuna a kan riɗi,
harshe da ɗanɗanon tsatsa,
maza sun yi da'ira, kowa na tsoron yawuna.
Hajjo ce ta bar tukunya a wuta,
ta tallafe kaina, ta juya ni gefe.

Aka ce iska ce. Aka ce bakin mutane.
Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi.
A Wad Madani likita ya manna mini wayoyi a ka.
Rufe ido. Shiru. Buɗe. Shiru.
Ya ce cire bakwai daga ɗari, ka yi ta cirewa.
Casa'in da uku.
Tamanin da shida.
A saba'in da tara layin na'ura ya haukace.
Ya ce farfaɗiya ce,
amma taka ƙofa ɗaya ta sani,
kuma kai kake buɗe mata.

Yanzu ƙwaya biyu, safe da dare,
iyakar ƙirgata ke nan.
Ko raka'a, liman nake bi.
Ɗiyata Kaltume ke riƙe da littafin
da kwakuleta mai tsagaggen gilashi.
Tana dannawa da yatsa ɗaya, kamar mai tsinar shinkafa,
ni ina kallon kurciyoyi a bakin rumbu,
ina hana kaina sanin ko su nawa ne.

Jiya ta yi kuskure.
Na ji shi kamar tsakuwa a takalmi.
Amsar ta taso, tsohuwar aminiyata,
ta tsaya a zaure tana ta sallama.
Na san muryarta. Ban amsa ba.
Na kurɓi gahawa, na ce,
Kaltume, sake dannawa.