Kalma Uku da Igiya

Mu biyar ne, shekara tara muna haƙa tare,
daga Cadakori har gefen Gulbi,
ni a ƙasa, su huɗu a bisa,
tsakanina da hasken rana ba komai sai igiya.

A gaba ashirin magana ba ta hawa da kayanta.
Kafin ta kai baki wutsiyarta ta gutsure,
bango ya haɗiye rabi, ya maido rabi.
Shi ya sa muka aske ta ƙwal,
muka bar abin da zai iya fita rijiya.

In na ce "Hau," Nomau ya ja.
In na ce "Sannu," Illo ya san guga ta cika har wuya,
kada ya yi mini ruwan tsakuwa a ka.
"Tsai" kuwa, ko tari ya taso wa Barmo sai ya danne.
Tunau gyaran murya kawai yake, mun san shayi ya nuna.
Mutanen gari na zaton gaba muke da juna,
ba su san kalma uku ta ishe mu mu yini lafiya.

Har ba'armu iri guda ce.
Wanda ya makara, ranar sunansa Alhaji.
Yashi mai zuba kuwa suruki muke ce masa,
don ba a matsa masa, ba a kuma juya masa baya.

Sai ƙugun Barmo ya ƙi, ya koma kiwon tumaki.
Aka kawo mana Mutari daga Damagaram,
yaro mai ƙarfi, mai ladabi, mai doguwar magana:
"Don Allah, in ba damuwa, ko za ku ɗan sassauta..."
Kafin ya sauke numfashi guga ta daki bango.
Makon nan gaba biyu muka yi inda muke yin huɗu.
Nomau ya laƙaba masa Rediyo,
shi kuma ya ɗauki kwanonsa ya koma gindin bedi,
yana cin ƙosai shi kaɗai, muna dariya.

Ran wata Laraba, ina gaba goma sha bakwai,
na ji muryarsa tana gangarowa guntu-guntu:
"Baba Jadi, bangon gabas ya sake launi,
jiya fari ne, yau ya yi duhu kamar an watsa masa ruwa,
ga wata tsaga kuma siririya kamar gashi."
Illo ya ce, "Rediyo ya kama tasha."
Ni ma na so in tsaki.
A cikin kalmominmu uku babu wadda aka yi don wannan,
shekara tara ba mu tanadi sunan tsaga ba.
Na dai ɗora tafin hannu a gabas,
na ji sanyi, na ji ƙasa tana motsi kamar cikin saniya.

"Hau!"
Hannu takwas suka zama ɗaya.
Ban gama kwance ɗamara ba
suruki ya zauna daidai inda na tsuguna tun safiya.

Ba wanda ya ce uffan.
Tunau ya zuba kofin farko, ya tsallake ni, ya miƙa wa yaron.
Iyakar abin da bakinmu ya iya ke nan na godiya.

Yanzu Mutari na cewa "Tsai" kamar haifaffen Tibiri,
kwanonsa ya dawo cikin namu.
Mu kuma mun ƙara kalma ta huɗu:
in wani ya ce "Rediyo," kowa ya aje dagi,
a bar mai magana ya kai ƙarshenta komai tsawo.
Mun iske ruwa a gaba ashirin da uku,
Illo ya ɗanɗana, ya ce "Sannu,"
muka sauke guga a hankali, ba a zubar da ko ɗigo a kan hanya.