Lissafin Dare

Wata uku da kwana tara
Rumaisa ta fara kama nono kamar wadda ta ƙetare fari.
Ta sha, ta saki, ta nemi ƙari,
ni kuwa ina ta murna, wai 'yata ta iya ci.

Famfas ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen zane.
In canza, kafin in wanke hannu ya sake cika.
Rigar da ta matse ta makon jiya
yau tana lilo a kafaɗarta.

Na kira Inna a Gumel.
Ta ce zafin ɗaki ne, kun cika kunna hita.
Sagir yana bakin sitiyari,
yana hawa da gangara da bas a tuddan Sheffield.

Daren Laraba, ruwa na dukan taga,
na sunkuya in sumbace ta
sai na ji numfashinta da ƙamshin mangwaron da ya wuce nuna.
Tana haki. Maɗiga ta faɗa.
Kukan ma ya gagare ta.
Ban jira gari ya waye ba.

A asibitin yara wata nas, Moira,
ta soki dunduniyar da ba ta taɓa taka ƙasa ba.
Ɗigo ɗaya.
Na'ura ta nuna lamba,
Moira ta dube ni, ta danna ƙararrawa.

Ciwon sukari.
Na ce a'a, ai wannan na Baffa Ilu ne mai furfura,
wanda ake ɓoye wa rake.
Yarinyar da ko zuma ba ta lasa ba?
Sai na tuna cokali uku a shayina
duk safiya, ina ɗauke da cikinta.
Likita ta kama hannuna.
Ba shayinki ba ne, ba nononki ba ne,
da abinta ta zo.

Kwana goma sha ɗaya muka yi.
Na koyi karatun da ban yi a makaranta ba:
yadda ake auna insulin ƙasa da hawaye,
yadda ake manna 'yar na'ura a cinya mai faɗin yatsu uku,
yadda gumi mai sanyi da rawar leɓe
ke cewa sukari ya sauka, hanzarta,
ƙishirwa da yawan fitsari su ce ya hau.
Jaririya ba ta da baki.
Ni ce bakinta.

Yanzu ƙarfe biyu na dare lokacina ne,
ƙarfe biyar na Sagir, kafin ya cire takalmi.
Littafi na gefen gado, shafi ya cika da lambobi,
wasu da rubutun mai gyangyaɗi.

Sun ɗebi jininta sun aika wani gari.
Sun ce wasu jariran, idan an gano tushen abin,
maganin baki kan maye gurbin allura.
Wasu kuma a'a.
Muna jiran wasiƙa.

Jiya Moira ta ɗora ta a sikeli,
ta ƙara nauyin da bai kai gwangwanin madara ba.
Na kira Inna na faɗa mata.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
juyo min da wayar in ga kumatun.