Saura Mutum Ɗaya

Ni dai gwanjo na gada.
A Katako nake yanka dila da sassafe,
sanyin Jos na cizon yatsu,
riguna na zubowa da warin jirgin ruwa
da na ɗakunan da ban taɓa shiga ba.

Wata Laraba na laluba aljihun wani kwat
ko an manta da kuɗi,
sai na zaro mutum.
Kati ne, bai cika tafin hannu ba:
saurayi da hana-salla, ya saɓa kulki
kamar mai dakon ɓarawo a gindin katanga.
Fuskarsa na sheƙi, sai ka ce an shafa mata man shanu.
A bayansa lambobi reras kamar littafin bashi,
da shekarar da ta girme ni.

Choji, da ya yi kuku a gidan Turawa,
ya ce wasan sunansa besbol:
a daki ƙwallo da sanda, a ruga,
a zagayo, a dawo gida.
Na ce to, ai mu ma abin da muke yi ke nan.

Shi ya koya mini cewa iri biyu ne.
Akwai gama-gari, busasshe, mai baya ruwan ƙasa,
akwai mai sheƙi, da aka buga kaɗan.
Juya shi, in ka ga bayan fari tas,
kada ka bari yaro ya taɓa.

Su ashirin da biyar ne masu riga iri ɗaya.
Shekara tara ina kiwonsu.
Ɗaya na karɓo a Tamanus, a bakin takalmi sau ciki.
Ɗaya a Bukur, an tokare ƙafar rediyo da shi.
Ɗaya mai shayin Gangare na kwasar sukari da gefensa,
sai da na biya kuɗin shayin mutum shida,
har yau tururuwa na kawo masa gaisuwa.

A gwangwanin alewa suke kwana,
kowa da ledarsa, don damina ba ta da kunya.
Ladidi takan ce, mutanen nan sun san ka?
In ce ko kaɗan.
Ta ce to su sayo mana gawayi.

Saura ɗaya, mai tsugune a baya
da garkuwar waya a fuska.
Ina da shi gama-gari.
In na jera su a kan tabarma
sai ya zauna cikinsu kamar ƙwarya a tsakiyar tangaran,
bai yi laifin komai ba,
amma ido a kansa yake tsayawa.

Jiya ɗana Jatau ya miƙo waya:
Baba, ga shi nan, danna kawai,
sati uku ya iso Farin Gada.
Na gan shi, yana ƙyalli, da kuɗinsa a ƙasa.
Na daɗe ina kallo.
Sai na tuna kwat ɗin nan mai ruwan toka,
da wanda ya sa katin a aljihu ya manta,
ko ya mutu, aka tattara kayansa.

Na ce ajiye wayar tukuna.
Gobe akwai dila biyu,
ka zo da wuri.
Kai ka riƙa kiran kuɗi,
aljihu nawa ne.