Kundin Haridwar

Tokar mahaifina na kawo cikin tulun tagulla,
tun daga Paramaribo, jirgi uku, ban runtsa ba.
Kogin Ganga ya karɓa, bai ce uffan ba.
Sai mai sayar da furanni ta nuna mini wani lungu:
"Je ki can, can ake ajiye mutanenku."

Ɗakin bai wuce shimfiɗa biyu ba.
Tsoho Girdhar, tabarau ɗaure da zare,
ya ce, "Sunan kakan kaka?"
Na ce Jagrup,
haka Bature ya rubuta a takardar jirgin ruwa
ranar da aka kwashe su zuwa gonar rake.
Ya yi dariya: "Masu wannan suna sun fi yashin kogin nan.
Wane ƙauye?"

Ban sani ba.
Sai waƙar niƙan kakata ta faɗo mini a baki,
wadda ita ma ba ta san fassararta ba.
A baiti na biyu ya ɗaga hannu:
"Tsaya. Sonbarsa kika ce?"

Ya sauko da kundi naɗe da jan ƙyalle,
gara ta ci gefensa, ta bar tsakiya.
Ya lashi yatsa.
Dukhi ya haifi Mangru.
Mangru ya haifi biyu:
Sukhai, wanda ya zauna,
Jagrup, kalma uku kacal a gabansa,
"bai dawo ba."

Ƙasa da wannan, mace ta zo nemansa,
sau huɗu, a shekara goma sha ɗaya.
Ba a rubuta sunanta ba, matar Mangru kawai.
Ta dangwala hannu a tawada,
kuma gefen ɗan ƙaramin yatsa
ga sawun cindo.

Na juya hannuna na hagu,
na dubi tabon da likita ya bar mini tun ina tsumma.

Girdhar ya miƙo alƙalami.
Na rubuta mu duka, har da matan:
Phulmati mai waƙar niƙa, Sumintra, ni, 'yata Lalita.
Tawadar ba ta gama bushewa ba ya ce,
"Tattaɓa kunnen Sukhai ya zo bara.
Ga lambar wayarsa a gefen shafi."

Sau shida tana ƙara.
Wata tsohuwa ta ɗauka.
Ban da yarenta, ba ta da nawa,
don haka na rera mata baitin farko.

Ta yi shiru.
Sannan ta ƙarasa na biyu.