Rijiya Ta Bayar

Shekara sha tara ina kujerar nan,
bakin ƙofar laburare, hawa na biyu,
ina buga hatimi, ina cewa a yi shiru.
Ran Talata ban ce ba.

Dakta Ladidi ta shigo da ɗalibai uku,
ta ce in buɗe musu maƙalarta
kan tsutsar tumatir a Ajiwa,
rani huɗu tana tsugunne a fadama
har manoma suka bar ce mata baƙuwa.
Na danna. Ga sunanta, ga take, ga tsakure,
ƙasa kuma: dala talatin da biyar.
Rajistarmu ta ƙare tun watan azumi.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Dakta Sada na gefe da jarida.
Ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.
Kin biya an buga, ki biya ki karanta.
Da mujallar tsangaya kika kawo wa,
da yanzu tana bisa kanta,
yaro ya miƙa hannu ya ɗauka."

Ta ce, "Wacce? Ta bara da ba ta fito ba?
Wadda edita ke duba aikin surukinsa?
Kwamitin ƙarin girma maki ɗaya yake ba ta,
ta waje biyar.
Kai da ka zauna a kwamitin,
hannun wa ya rubuta ma'aunin?"

Ya naɗe jarida. "Daga sama ya zo."
"Komai daga sama yake zuwa,
ban da kuɗin littattafai."

Suka ja, suka ja, har aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi,
ɗaliban suka sulale.

Ni bayansu nake kallo:
kundaye dubu huɗu, baƙin bango, rubutun zinare,
ciwon awaki a Mashi, karin harshen Kaita,
farashin gero a kasuwar Caranci,
kowanne da sa hannun mutum biyar,
ba mai sake buɗe shi
sai gara, da ba ta neman katin shiga.
Ta gama babi na biyu na wani, ta kama na uku.

Ran Laraba ta dawo da leda,
kwafinta na gyara, jan biro ko'ina.
Na rasa lambar da zan ba shi,
na sa a aljihun tebur, kusa da hatimi.
An are shi sau sha ɗaya.
Na tara Dakta Sada ne.
Ya maido da fensir a shafi na shida:
"Wannan lissafi ban yarda da shi ba. Mu haɗu."

Malam Ɗan'azumi na Ajiwa,
wanda a gonarsa aka ƙirga tsutsar,
in ya shigo gari sayen taki
yakan aiko jikansa ya tambaye ni
me takardar ta ce.